Bashin da aka bari a kan mita

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso, na kuma yi murna da jin cewa ke da maigidanki kun kusa sayen gida a Bradford ta Burtaniya. Allah ya sanya albarka. Kin ce lauyanku ya gano akwai bashin Green Deal, shirin gwamnati na rancen gyaran gida don tare ɗumi, a kan gidan: mai shi, wani dattijo, ya ci a shekarun baya ya yi gyara, ana cirewa a kuɗin wuta, kuma da kun tare ku za ku ci gaba da biya. Kika tambaye ni ko a al'adarmu bashi gida yake bi ko mutum, da kuma ko rashin kunya ne ku nemi dattijon ya biya kafin ya tashi.

A wurinmu bashi a wuyan wanda ya ci yake. Kin sha ji a wurin jana'iza, kafin a watse wani daga dangi ya miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Ba a raba gado sai an sauke bashi, haka ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka tsara. Muna gaggawar nan ne don mun ɗauki bashi nauyi ne a kan rai, wanda ba a son mutum ya kwanta da shi a kabari. Abin da ya fi kusa da naku shi ne jinginar gona, amma ko ita, mai gonar ne ke fansa, kuma ba a sayar da gonar jingina sai mai unguwa da shaidu sun san an warware tsakani. Baƙon da bai ci ba, ba a ɗora masa.

Shirin da kuka tarar kuwa, da gangan aka juya wannan ƙa'ida a cikinsa. Gidajen Burtaniya da yawa tsofaffi ne, ɗumi na zurarewa ta rufi da bango da taga, mutane na ƙona kuɗi a lokacin sanyi. Sai gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta yi doka a 2011, ta buɗe shirin a Janairun 2013. Za a ba ka rance ka shimfiɗa abin tare ɗumi a ƙarƙashin rufi, ka cusa shi a cikin bango, ka sauya tukunyar ɗumama gida, ba ka ba da ko kwabo na kuɗin aikin a farko ba. Biyan kuma ta mitar wuta, wani har shekara 25. Suka kafa sharaɗi cewa abin da za a cire a shekara kada ya wuce abin da ake sa ran gyaran zai rage maka. Kuma ban raina tunanin ba. Mai shirin tashi bayan shekara uku ba zai zuba kuɗinsa a bangon da wani zai mora ba, to sai suka ce bari bashin ya zauna inda amfanin yake.

Jama'a dai ba su karɓa ba. Da farko an yi ta zancen gidaje miliyan 14 kafin 2020. Ministan da ke riƙe da shirin, Greg Barker, ya ce barci ba zai ɗauke shi ba idan ba a samu gidaje 10,000 a shekarar farko ba, kuma ba a kai ko kusa ba. A Yulin 2015 gwamnati ta daina zuba kuɗi. Da ofishin binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahotonsa a 2016, gidaje kusan 14,000 kawai suka ci rancen, bayan an kashe fam miliyan 240 na jama'a.

Kuɗin ruwa ne ya fara korar mutane: kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, a lokacin da Jamus, ta bankinta na KfW, ke ba da rancen irin wannan gyara da ruwa kaɗan ƙwarai. Ga kuɗin mai duba gida da sau da yawa sai ka biya tun ba a fara komai ba, ga takardu, ga jiran ma'aikacin da ke da rajista. Alkawarin ragin nan ma kiyasi ne a kan gida matsakaici. Tsohuwar da dama can ɗaki ɗaya take ɗumamawa don tsimi, ragin da za ta gani bai kai abin da za a cire mata ba. Amma abin da na fi ba wa nauyi shi ne wanda ya tsayar da ke yau. Masu gidaje sun hango ranar sayarwa, sun san mai saye zai ja da baya idan ya ji akwai bashi a mita. Bature ma bai so ya gaji rancen da bai sa hannu ba. Waɗanda suka tsara shirin sun yi lissafin wuta da iskar gas daidai gwargwado, ba su yi lissafin wannan ƙyamar ba.

Don haka babu rashin kunya a maganarku. Dokarsu ma ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana bashin, mai saye kuma ya amsa a rubuce cewa ya sani. Kada ku sa hannu a wannan takarda sai lauya ya kawo muku adadin da ya rage da abin da zai ci a biya shi gaba ɗaya. Idan dattijon ya ce ai ku za ku sha ɗumin, ku amsa masa da ladabi cewa gyaran ya riga ya shiga farashin gidan, ba za ku saye shi sau biyu ba. Ko dai ya biya daga kuɗin cinikin, ko a rage muku daidai adadin ku biya da kanku a take. Na fi son na farko, domin rancen mai ruwa ne, kuma ba na so ku buɗe sabon gida da shi ko na wata ɗaya.

Maganar kuma maigidanki ya bar ta a hannun lauyoyi, kada ya je ya yi ciniki da dattijon baki da baki, don na san shi da kawaici, zai iya yafewa saboda furfura. Ki gaishe shi, ki gaida yara. Ki turo mini adadin idan lauyan ya kawo.