In dutsen ya ƙone, me masana ke karantawa?

Malam, ka tambaya: tunda an ce yaƙi ya cinye wasu duwatsu masu rubutun Aramiyanci, tsohon harshen Siriya da kewaye, ta yaya har yau ake kafa hujja da su a littattafai? Hoto da kwafi ake karantawa, kuma tsakaninsu da dutsen akwai tazara.

Ɗauki Tell Halaf, tsohon garin Guzana a arewa maso gabashin Siriya. Wani Bajamushe mai binciken kayan tarihi, Max von Oppenheim, ne ya haƙa wurin, ya kai kaya da yawa Berlin, ya buɗe musu gidan tarihi a 1930. A Nuwamban 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bam ya faɗa wa ginin, gobara ta tashi. Gumakan baƙin dutse suka ɗau zafi, 'yan kwana-kwana suka watsa ruwa, suka tarwatse. Su ma da sauƙi: an kwashe gutsattsari wajen 27,000, daga 2001 aka zauna ana harhaɗa su, har aka nuna su a 2011. Dutsen farar ƙasa kuwa ba ya jure wuta, gari yake komawa. Cikin waɗanda suka tafi har da wani ɗan dutse mai gajeren rubutu, da ake lissafawa cikin Aramiyanci mafi tsufa, wajen ƙarni na 10 ko na 9 kafin haihuwar Annabi Isa. An wallafa shi a 1940, bayan shekara uku babu shi.

Na sha zama da hotunan irin wannan rubutu, shi ya sa ba na sakin jiki da su. Harafin da aka sassaƙa, inuwa ce ke fito da shi. In dutsen na gabanka, kashe fitila za ka yi, ka haska tocila daga gefe, kana juya ta har ka raba sassaƙa da tsaga, ka ma bi ramin da yatsa. Hoto kuwa haske ɗaya ya kama, shi ke nan. Ga "d" da "r" ɗin Aramiyanci kamar an tsaga kara. Duk wanda ya yi fama da dal da ra a tsohon ajami ya san zancen. In masana biyu suka saɓa, babu dutsen da zai raba gardama.

Abin da na fi yarda da shi shi ne kwafin takarda: a jiƙa ta, a buga ta cikin ramukan haruffa da burushi, ta bushe da siffarsu. To in ka ga an kawo rubutu hujja, duba ƙasan shafi tukuna, ka ga ko wanda ya wallafa shi ya ga dutsen da idonsa, ko irin wannan kwafi ya samu, ko hoto kawai.