Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan numfashin yoga da hawan jini

Assalamu alaikum. Hajiya, Allah Ya ba ki lafiya. Na ga tambayarki tun daren jiya, inda kika ce hawan jini ya sa ki gaba, barci ya ƙaurace miki, kuma 'yarki ta turo miki bidiyon wani Ba'indiye yana fizgar numfashi da ƙarfi, cikinsa na shiga yana fita, shi ne kike neman sanin ko ki bi shi, kuma ko da gaske abin yana magani. Na bari ne sai na samu natsuwa, domin maganar ta fi ƙarfin layi biyu.

Kafin komai, don Allah wannan na cikin bidiyon ki ajiye shi. Yadda kika kwatanta, kafalabati ne, ko kuwa ɗan'uwansa bastirika, wanda ma'anar sunansa ita ce zuga-zugin maƙera. Su kansu masu koyarwa a Indiya suna hana mai hawan jini yin su, haka mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, da mai gwaiwa, da wanda aka yi wa tiyata bai daɗe ba.

Ni na ɗanɗana, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Shekara huɗu na yi ina karatu a Pune, a jihar Maharashtra. A shekara ta biyu, lokacin jarrabawa, barci ya gagare ni, gabana na faɗuwa ba dalili, ciki kullum a kumbure. Sai na kwaikwayi kafalabati daga waya. Rana ta uku ina miƙewa daga tabarma jiri ya kwashe ni sai da na dafa bango, kaina ya yi ta sarawa har la'asar. Dattijuwar da nake haya a gidanta ce ta ga idona, ta ɗauke ni ta kai ni wurin likitan Ayurbeda (maganin gargajiyar Indiya) na unguwarsu, wanda su suke kira baidiya.

Har yau ina tuna zaman. Ya ɗora yatsu uku a tsintsiyar hannuna ya yi shiru, ya daɗe yana sauraren bugun jijiya. Ya sa na fito da harshe. Sannan ya shiga tambayoyin da ban zata ba: ƙarfe nawa nake kwanciya, yaya bahaya take, fatata tana bushewa, ƙafafuna suna sanyi da dare, ina cin abinci a zaune ko a tsaye. Da ya gama sai ya ce iska ce ta yi mini yawa a jiki, ni kuma na je na ƙara mata iska.

Nan ne asalin yadda Ayurbeda ke kallon numfashi. A wurinsu jiki yana tafiya ne kan ɗabi'u uku da suke kira dosha. Vata ita ce ta iska da motsi, idan ta yi yawa sai rashin barci, fargaba, bushewa da kumburin ciki. Pitta ta wuta ce, ita ke kawo saurin fushi, ƙwannafi da zafin jiki. Kapha kuma ta ruwa da ƙasa ce, nauyin jiki, majina, kasala. Ba baƙon tunani ba ne a wurinmu, tunda iyayenmu ma sukan ce wane sanyi ne ke damunsa, wane kuma zafi ne ya yi masa yawa, kuma ba sa ba su magani iri ɗaya. To haka numfashin yake, wanda suke kira firanayama. Akwai mai ɗumama jiki, akwai mai sanyaya shi, akwai mai daidaitawa. Kafalabati na masu majina da nauyin jiki ne. Mai fargaba da rashin barci irina, ko ke da jininki ke hawa, ƙara rura wutar zai yi.

Abin da ya ba ni shi ne nadi shodana, numfashin musayar hanci, kuma shi nake yi har yanzu. Ki zauna ki miƙe bayanki, a kujera ma ya yi, ba sai kin tanƙwashe ƙafa ba. Ki toshe ƙofar hanci ta dama da babban yatsa, ki shaƙa ta hagu a hankali kina ƙirga huɗu. Ki toshe ta hagu da yatsan zobe, ki saki ta dama, ki fitar kina ƙirga shida. Ki shaƙa ta daman, ki fitar ta hagu. Zagaye ɗaya ke nan. Minti biyar ya isa a farko, kafin karin kumallo. Kada ki riƙe numfashi ko kaɗan. Littattafansu suna yawan maganar riƙewa, wato kumbaka, amma ba na mai hawan jini ba ne.

Masu yoga suna cewa hancin hagu na wata ne mai sanyi, na dama na rana ne mai zafi, musayar kuma tana daidaita su. Ni abin da ya gamsar da ni shi ne bayanin da ya dace da ilimin asibiti. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Ƙirgen huɗu da shida yana sauko da shi zuwa wajen shida. Duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi bugun zuciyarsa yana ɗan lafawa, aikin wata jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, ana ce mata bagas. Idan fitarwa ta fi shaƙa tsawo, an ba wannan jijiyar dama ke nan. Sati na farko ban ga komai ba sai gundura. Wajen sati na uku ne na lura ina kwanciya ba na juye-juye kamar da.

Da dare kuma baramari nake yi, kukan ƙudan zuma. Ki shaƙa ta hanci, ki rufe baki, ki fitar kina guna-guni a maƙoshi har ki ji leɓɓanki da goshinki suna rawa. Sau biyar zuwa bakwai. A 2002 wasu masu bincike a Suwidin sun auna sun ga wannan gunagunin yana ninka iskar naitirik okzayid da ke cikin hanci, wata iska da ke buɗe jijiyoyin jini, wajen sau 15. Akwai kuma shitali, a naɗe harshe kamar bututu a zuƙi iska ta cikinsa, na masu zafin jiki ne, ya yi mini daɗi a zafin watan Afrilu. Amma da na dawo gida na daina shi a hunturu, saboda ƙura ce kawai mutum zai zuƙa ba tare da hanci ya tace ba. Mai asma ko mura ma ya bar shi.

Wani tsohon littafinsu na ƙarni na 15, Hata Yoga Firadifika, ya kwatanta horar da numfashi da horar da zaki da giwa da damisa, sai sannu a hankali, kuma ya lissafa shaƙuwa, tari, sarƙewar numfashi da ciwon kai cikin abin da garaje ke jawowa. Ciwon kan da na yi ashe tun ƙarnoni aka rubuta shi. A Lonavla, tsakanin Pune da Mumbai, akwai cibiyar Kaivalyadhama da wani malamin yoga, Swami Kuvalayananda, ya kafa a 1924 don a riƙa auna waɗannan abubuwa da na'ura, kuma tun 2014 gwamnatin Indiya ta ware wa Ayurbeda da yoga ma'aikata guda.

Na ga wani ɗan'uwa ya taɓo maganar addini, wato ko yoga ta halatta ga Musulmi, kuma yana da gaskiya ya tambaya. Asalin yoga a cuɗe yake da aƙidar Hindu. Ni ba na furta kalmominsu na bauta, ba na motsin jikin da suke yi na gaida rana, ƙirge kawai nake yi, bayan na idar da sallar asuba da azkar. Fatawa kuwa ta malamai ce, wanda ransa bai kwanta ba ya tambayi malaminsa.

Hajiya, maganinki na asibiti kada ki ajiye ko ƙwaya ɗaya saboda wannan. Numfashi a hankali yana iya ɗan sassauta jini ya kawo barci, amma bai kai ya maye gurbin magani ba. Idan kina da na'urar awo a gida, ki auna kafin ki fara, ki sake aunawa bayan kin gama da minti goma, ki riƙa rubutawa a takarda har wata guda, ki tafi wa likitanki da ita. Kika ji jiri ko ƙirji ya ɗaure, ki tsaya nan take, ki sanar da shi.