Magungunan "warkar da komai" na ƙarni na 19: me ke cikin kwalaben?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a wata makarantar koyon aikin lafiya a Zariya. A darasin tarihin magunguna na ci karo da tsofaffin tallace-tallacen jaridun Ingila da Amurka na shekarun 1800. Sai ka ga man shafawa guda an ce yana maganin gyambo da basir da ciwon daji, ga kuma wasu ƙwayoyi na wata cuta da suke kira "nervous debility". Me ke cikin magungunan nan? Wace cuta ce wannan? Kuma me ya haɗa su da rubutun "patent medicine store" da muke gani a allon kemis?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da sunan "patent medicine", don shi kansa yana ɓatar da mutane. Asalinsa daga wata takardar izini ce mai suna "patent" da sarakunan Ingila kan bai wa mai sana'a tun ƙarni na 17, wadda ke ba shi damar sayar da hajarsa shi kaɗai. Amma zuwa ƙarni na 19 yawancin magungunan da ke ɗauke da sunan ba su da wannan takarda, masu su ma ba sa son ta, domin mai neman ta dole ya bayyana abin da ya haɗa. Abin da suke karewa shi ne sunan maganin da siffar kwalbar da takardar da ke manne a jiki. Sirrin haɗin shi ne jarinsu. A Ingila kuma tun 1783 gwamnati ke karɓar haraji a kan irin waɗannan magunguna, ana manna kan sarki a kwalin, sai talaka ya ɗauka hukuma ta gwada maganin ta amince da shi, alhali kuɗinta kawai ta karɓa.

Man shafawar da ka gani, ina kyautata zaton na Thomas Holloway ne, wanda ya fara sana'ar a Landan a 1837. Jerin cututtukan da ke tallarsa ya haɗa da gyambon ƙafa, ƙuna, basir, amosanin gaɓɓai, ciwon daji, cizon sauro, har da tunjere da tundurmi, saboda yana kai kaya ƙasashe masu zafi da Ingila ta mallaka, yana kuma buga tallarsa da harsuna da dama, ciki har da Larabci. Shi kuwa man, yawancinsa kakin zuma ne da mai. Zai tausasa busasshiyar fata, ya rufe ɗan ƙaramin rauni, aikinsa ke nan. A 1842 Holloway yana kashe fam 5,000 a shekara wajen talla. Lokacin da ya rasu a 1883 abin ya kai wajen fam 50,000. Da dukiyar ya gina kwalejin Royal Holloway, wadda Sarauniya Biktoriya ta buɗe a 1886, kuma tana nan har yau a ƙarƙashin Jami'ar Landan.

Ƙwayoyin Beecham, wani mai sayar da magani a Ingila, ma haka suke. Da Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta bincika su ta buga sakamakon a 1909, abu uku ta samu: busasshen ruwan tsiron nan dangin alobera mai sa gudawa, da citta, da sabulu. Kayan haɗin kwali guda kuɗinsu bai fi anini ɗaya da 'yan kai ba, amma ana sayar da shi sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi.

Za ka ce to me ya sa mutane suka yi ta saye shekara da shekaru? Ba wauta ba ce, kuma ba na son mu raina su. Likitan wancan zamani yana da tsada, kuma abin da ke hannunsa shi ne tsaga jijiya a zubar da jini, da wani haɗi mai zaiba da ke sa miyau dalala, haƙora su yi girgiɗi. Sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka. Wanda ya guje wa irin wannan jinya ya sha ƙwaya mai sa gudawa, ya ga cikinsa ya motsa, sai ya ce magani ya yi aiki. Yawancin ƙananan ciwuka kuma da kansu suke tafiya, maganin da aka sha daf da samun sauƙi shi ke kwashe yabo. Waɗanda suka warke suna rubuto wasiƙar godiya a buga a jarida. Waɗanda suka mutu ba su rubuto komai ba.

Masu haɗari su ne waɗanda da gaske suke sa mutum ya ji daɗi nan take. Peruna, na Dakta Samuel Hartman a jihar Ohayo ta Amurka, wajen kashi 28 cikin 100 barasa ne. Maganin mata na Lydia Pinkham, da aka fara sayarwa a 1875, kusan kashi 20 ne, kuma mata da yawa da ke ƙyamar giya sun sha shi da cokali ba su sani ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan maganin Mrs. Winslow, da ake bai wa jarirai masu fitar haƙori tun wajen 1849. Mofin ne a ciki, wato ƙaƙƙarfan maganin kashe zafi mai sa maye da barci. Yaro zai yi shiru, uwa ta samu barci, amma wasu yaran ba su farka ba. A 1911 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta saka shi cikin magungunan da ta kira makasan jarirai.

Yanzu ga cutar da ka tambaya, "nervous debility". Ma'anar kalmar ita ce raunin jijiyoyi, kuma fuska biyu gare ta. A wajen likitoci, wani Ba'amurke mai suna George Miller Beard ya yaɗa sunan "neurasthenia" a 1869. A ganinsa kowane mutum yana da iyakataccen ƙarfin jijiya, rayuwar zamani kuma, da jirgin ƙasa da wayar tangaraho da jaridu, tana ƙarar da shi, sai kasala da ciwon kai da rashin barci da faɗuwar gaba su biyo baya. Idan aka kawo mana waɗannan marasa lafiya yau, za mu raba su gida-gida: wannan ciwon damuwa, wannan ƙarancin jini, wannan ciwon sukari, wancan kuwa gajiya ce ta aiki. Ko Coca-Cola, da John Pemberton ya haɗa a Atlanta a 1886, da farko an tallata ta ne a matsayin mai ƙarfafa jijiya da kawar da ciwon kai, kuma rabin sunanta daga ganyen koka ne, ɗaya rabin daga goronmu na Afirka ta Yamma.

A wajen 'yan talla kuwa kalmar sakaya ce. Suna nufin raunin mazakuta da zubar maniyyi a mafarki, abubuwan da ba a iya bugawa ɓaro-ɓaro a jarida. Sun samu madogara a rubuce-rubucen wani likitan Faransa, Claude-François Lallemand, wanda tun shekarun 1830 ya ɗauki zubar maniyyi a matsayin babbar cuta mai lalata jiki da ƙwaƙwalwa. Sai su raba ƙasidu kyauta masu jera alamomi: mantuwa, jin kunyar mutane, ƙurajen fuska, ciwon baya, son kaɗaici. Wane saurayi ne zai karanta wannan bai ga kansa a ciki ba? Daga nan a faɗa masa ƙarshensa hauka ne ko mutuwa, sai dai in ya aiko da kuɗi a turo masa magani a rufaffen ƙunshi. Akwai ƙwayoyi, akwai kuma ɗamarar lantarki da ake ɗaurawa a ƙugu, wadda kamfanin Sears na Amurka ma ya sayar a farkon shekarun 1900. A ganina wannan ne mafi muni a sana'ar duka, domin lafiyayyen mutum suke samu su dasa masa tsoro a kan abin da jikin kowane baligi ke yi, suna sane da cewa kunya ba za ta bar shi ya tambayi kowa ba, ko ya kai ƙara idan an cuce shi. Wasiƙun sirrin da mutane suka rubuta musu ma, dillalai na sayen su su sayar wa wasu 'yan damfarar.

Jaridu sun daɗe ba su ce uffan ba, don tallan maganin ke ciyar da su. Wasu kamfanonin Amurka har sharaɗi suke sawa a yarjejeniyar talla cewa za ta rushe idan jihar ta yi dokar da ta taɓa su, sai edita ya zama shi ne mai yaƙi da dokar. A Oktoban 1905 ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya fara tona asirinsu a mujallar Collier's, a ranar 30 ga Yuni 1906 kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar abinci da magunguna. Dokar ba ta hana sayarwa ba. Ta dai tilasta a rubuta a jikin kwalba idan akwai barasa ko mofin ko hodar iblis da makamantansu. Sai a 1938, bayan wani ruwan magani ya kashe mutum fiye da 100 a 1937, aka wajabta gwada lafiyar sabon magani kafin ya shiga kasuwa.

Allon kemis kuwa, sunan ne kawai muka gada daga dokokin Turawan mulkin mallaka. A Najeriya yau yana nufin shagon da aka bai wa lasisin sayar da wasu ƙayyadaddun magunguna a cikin kwalinsu na asali, waɗanda ba sa buƙatar takardar likita, kuma ya kamata kowanne ya kasance da lambar rajistar NAFDAC da bayanin abin da ke ciki. Wanda ya fi kama da Holloway a yau shi ne mai lasifika a tasha ko ranar kasuwa, da kwalba guda ta basir da sanyi da taifod da ƙarfin maza, ba a rubuta abin da ke ciki ba. Idan ka fara aiki magidanci ya zo maka a sunkuye da ƙorafin rauni, ka zaunar da shi inda ba mai ji, ka auna hawan jininsa da sukarinsa, sannan ka tambaye shi abin da ya riga ya saya ya sha kafin ya iso gare ka.