Ga mai shirin tafiya Istanbul koyon adon bango

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, na ƙi amsawa a tsaitsaye don ba maganar layi biyu ba ce. Ka ce fenti kake yi a nan Kano, ka samu gurbin koyon zanen ado na bango a Istanbul, ba ka taɓa kwana goma a jere a wajen garin nan ba, Hajiya kuma tana jan ƙafa wajen sa albarka. Kana son sanin ko kewar gida za ta bar ka ka yi abin da ya kai ka, da kuma ko sana'ar za ta riƙe ka in ka dawo. Na ga masu ce maka ai namiji ne kai, daurewa za ka yi. Allah ya saka musu, amma da gani ba su taɓa yin Sallah su kaɗai a ɗaki ba. Ni shekara biyar na yi a can, daga 2016 zuwa 2021, ɗaya ta koyon Turkanci, huɗu na aikin hannu.

Kewa ba ta zuwa a watan farko, kada ta yaudare ka. Watan farko na kallo ne. Ranar da na fara shiga Masallacin Sulaimaniyya, wanda babban magininsu Mimar Sinan ya gina daga 1550 zuwa 1557, na tsaya ƙarƙashin kubbar da ta kai mita 53 a sama, ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Kana hawa jirgin ruwa daga Eminonu ka tsallaka Uskudar, ana ce maka ka bar Turai ka shiga Asiya, kana ɗaukar hoto kana turawa gida ana ta masha Allah. Sai Disamba ta shigo. A shekarar da na je ne suka daina mayar da agogo baya lokacin sanyi, saboda haka rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi. Ka yi asuba, ka karya, ka hau mota, ka isa aji, gari bai waye ba. Hunturun Kano da muke kuka da shi, da hantsi ya dubi ludayi ya sake ka. Nasu da ruwa yake zuwa, yayyafi kwana uku ba ɗaukewa, ga iskar teku mai ratsa ƙashi. A Janairun 2017 dusar ƙanƙara ta zuba har jirage suka kasa tashi. Ranar farko murna na yi kamar yaro. Rana ta uku ina cikin bargo ina lissafin kuɗin tikitin dawowa.

Kafin in tafi na ɗauka tuwo zan fi kewa. Ashe gaisuwa ce. Daga ƙofar gidanmu a Yakasai zuwa bakin titi sai na gaisa da mutum goma, wannan ya tambayi Baba, wancan ya tsokane ni kan aure. A can sai in wuni ba wanda ya ce mini ina gajiya. Sai kuma sautin gari: karatun almajirai bayan asuba, yarinya mai tallan ƙosai, hon ɗin a-daidaita-sahu da nake zagi kullum, duk sai da na yi marmarinsu.

Azumi bai ba ni wuya yadda na zata ba, duk da na farkon ya faɗo a Mayu da Yuni, muna kai awa 17 da ɗoriya. Suna da mai ganga da ke zagaya unguwa yana tashin sahur, ana shimfiɗa teburan buɗa-baki a fili kowa ya zauna. Sallar ce ta karya ni. Mutanen Istanbul da yawa ba 'yan asalin garin ba ne, da hutu ya zo sai su watse garuruwansu, ɗakin kwanan ɗalibai ya zama kango. Na sa shaddata da hula, na je Idi, na dawo na zauna a bakin gado. Washegari wani abokina ya turo mini bidiyon Hawan Daushe daga Ƙofar Kudu. Da na ji kakaki da ƙarar bindigogi sai na kife wayar. Ba na jin kunyar faɗa maka kuka na yi, irin na mai shessheka.

Zama da su kuwa, akwai abin da ya kusa haɗa ni faɗa. Baturke in zai ce a'a, sau da yawa ba ya buɗe baki. Ɗaga gira zai yi, ya ɗan ɗaga haɓa, ya yi wani ɗan sauti da harshe wanda a kunnen Bakano tsaki ne tsagwaronsa. Na tambayi wani mai shago ko yana da irin takardar da nake nema, ya yi mini haka. Na tsaya ina huci, ina cewa a raina me na yi wa mutumin nan. Sai da na ga yaro ya yi wa kakarsa, ita ko a jikinta, sannan na gane babu kawai yake nufi. Su kuma in na rusuna zan gaida dattijo sai su rikice su kama ni su ɗaga, don a wajensu hannun babba ake sumbata a ɗora a goshi. Shayi kuwa in ba ka kwantar da cokali a bakin kofi ba, ƙara maka za a yi ta yi. A masallaci Hanafawa ne, wutirinsu raka'a uku ce a haɗe, kuma in kai mai sakin hannu ne za ka gamu da tsohon da zai zo bayan sallama ya nuna maka yadda ake yi. Ka yi murmushi ka ce Maliki, yawanci sun san sunan. Kallo ma za ka sha, da masu roƙon hoto, da masu kiran kowane baƙin mutum Balarabe. Mafi yawa rashin sabo ne. Amma na taɓa zuwa duba ɗakin haya, mai gidan da muka gama magana lafiya a waya yana ganina ya ce an riga an kama. Wannan ma akwai shi, ba zan ɓoye maka ba.

Ramin da na ga ya fi cin yaranmu shi ne unguwannin Aksaray da Laleli. Nan 'yan kasuwarmu na Kwari suke sauka sarin kaya, nan za ka ji Hausa a titi, ka ci shinkafa da miya mai yaji. Da Turkancinka ya ɗan nuna sai wani Alhaji ya ce raka ni ka yi mini tafinta, ya damƙa maka dala. Daɗi. Sati na gaba wani ya zo da lambarka. Na san waɗanda muka fara tare, hannunsu ya fi nawa kyau, suka ƙare a ɗaure kaya da awo, takardar zama ta mutu, karatu ya bi ruwa. Ka tuna takardar zaman ɗalibi ba izinin aiki ba ce. Ka je can ranar da zuciya ta cushe, ka ci abinci, ka sha hira, ka koma inda ka fito.

Yanzu aikin kansa. Sunansa a wajensu kalem ishi, wato aikin alƙalami, ko da yake siririn buroshi ne alƙalamin. Shi ne adon da kake gani a cikin kubba da bakin taga da saman ginshiƙi. Duk shekarunka na fenti ka ajiye su a ƙofa, don wata da watanni ba za a ba ka launi ba. Fensir ne da takarda, kana maimaita ganye ɗaya na salon da suke kira rumi, da furen hatayi, har hannunka ya daina rawa a kan lanƙwasa. In an zo bango, a kan takarda mai shara-shara ake fitar da zanen, a bi layin da allura a huhhuda, a manna takardar a bango, a ɗaure garin gawayi a tsumma a riƙa bubbugawa. In an ɗaga sai ka ga zanen ya fito ɗigo-ɗigo. Sannan a cike launuka, daga ƙarshe a ja siririn layin da ke zagaye kowane ganye, shi ne tahrir, kuma a nan ake gane gwani. Malamin aikin usta ake ce masa. Nawa dattijo ne mai ƙarancin magana, in ya duba aikinka ya ce a sake, to ka sake kawai.

Shi ne ya yi mini tambayar da ta juya zamana. A shekarata ta biyu a wajensa ya ce kowane baƙon ɗalibi ya kawo adon garinsu. Na zana dagin Arewa, na kai ina taƙama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce daga ina layin yake farawa, wanne ne yake hawa kan wanne, a bango da me kuke yin sa, tono ake yi ko ɗori, wane launi tsofaffinku suke sawa kafin fentin gwangwani ya zo. Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ni da na tashi ina wuce Gidan Makama kusan kullum, ban taɓa sa ƙafa ciki ba. Na san sunan furanni goma na Usmaniyawan Turkiyya, ban san yadda ake haɗa makuba ba.

Daren nan na kira gida, kuma karon farko ba don in ce ina kewarku ba. Na sa ƙanena da ke gida ya shiga lunguna da waya yana ɗauko mini fuskokin tsofaffin zaure da zankwaye. Aka haɗa ni da wani tsohon magini abokin kakanmu, ya yi mini bayanin makuba daga ɓawon ɗorawa, da yadda ake fitar da zane a jikin laka tun tana ɗanya, da farar ƙasa. Alaramman unguwarmu ya sa aka ɗauko hoton zayyanar allon sauka. Hajiyata, wadda a da hirarmu ba ta wuce ka ci abinci, ya sanyi, sai ga ta tana yi mini awa guda kan zanen ƙwarya da na tabarma da yadda aka yi jeren ɗakinta. Aska takwas ta babbar rigar Baba ma sai da na sa aka shimfiɗa aka ɗauka. Wata rana usta ya fito da wani ɗan ƙulli yana lallaɓa shi, ya ce da wannan ake kama tawada da ruwan zinare. Na duba, ƙaro ne. Na ce masa da shi muke dama tawadar allo tun muna yara, a ƙasarmu ake tsinkarsa a jikin bishiya. Ranar ce ya fara zaunar da ni ya zuba mini shayi da hannunsa. Kewar ba ta tafi ba har na dawo, amma ta samu abin yi. In ta taso da dare sai in jawo hotunan nan in yi ta kwafa, maimakon in kwanta ina juyi.

Don haka abin da na fi so ka yi kafin ka hau jirgi: ka ware wata guda ka zama baƙo a garinku. Ka shiga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Ka zauna wajen dukawa da masu ɗinkin riga da hula a Kurmi, ka leƙa marinar Ƙofar Mata ka ga yadda ake ƙulla zane kafin a tsoma. In da hali ka je Zariya ka ga cikin tsohon Masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Kada ka tsaya a hoto, ka sayi littafi ka zana da hannunka, ka auna, ka tambayi sunan kowane zane ka rubuta. A rumi da hatayi akwai dubban Turkawa da ba za ka kamo ba ko ka shekara ashirin. Wannan littafin kuwa ba wanda yake da shi a ajin sai kai.

Maganar ko sana'ar za ta riƙe ka: za ta riƙe, amma ba a shekarar farko ba. Na dawo da takarda da buri, na koma shafa fenti fari da gyaran silin kamar ban je ko'ina ba. Mai gida zai ji kuɗin aikin hannu ya ce ai da takardar mannawa ya saya ya huta. Aikin da ya buɗe mini hanya mihrabin wani ƙaramin masallacin unguwa ne, kusan kyauta na yi shi, daga nan masu falo da masu wuraren biki suka fara nema. Kuma abin da aka fi biya na a kai yanzu shi ne zanenmu na gida da aka yi da tsaftar layin da na koyo a can. Sai ka sake koyon bangon Kano ma: danshin damina da ke hawowa daga ƙasa ya tashi fenti, filastar da ake matsa maka ka hau tun ba ta bushe ba, ranar da ke cinye ja cikin 'yan shekaru in a waje ne, da ƙurar hunturu da ke manne wa aiki ɗanye.

Hajiya kuwa, kada ka tafi sai da yardarta. Ka sa kawunka ko wani babba da take jin nauyi ya zauna da ita. Ka yanka mata rana da lokacin kira ka riƙe shi kamar wuridi, agogon can ya riga namu da awa biyu. Kiran kowace sa'a ba ya rage kewa, hana ka koyon yaren mutane yake yi.

Guzuri: kuka, daddawa a ɗaure sosai cikin leda uku, yaji, ɗan kanwa. Kuɓewa kada ka wahala, suna da ita har busasshiya a zare. Kilishi ka bar shi, nama abin ƙwacewa ne a filin jirgi. Rigar sanyi ta gaske da takalmin da ruwa ba ya shiga ka saya a can. Ka sa allo ɗaya mai zayyana a ƙasan akwati don ustanka. Nawa da na kai masa bayan hutu, ya fi rabin awa yana mamakin fa'unmu mai ɗigo a ƙasa.

Wane wata ne tafiyar? In Satumba ce, ka fara zagayen cikin gari tun satin nan. Biyu daga cikin zaurukan da ƙanena ya ɗauko mini hotonsu, da na dawo shaguna na tarar a wurin.