Amsa ga 'yar'uwar da likita ya tura shirin kariya daga ciwon suga

'Yar'uwa, kin ce kina zaune a New York, kina aikin kula da tsofaffi, likita ya ce sugarki ta fara hawa amma ba ta kai ciwo ba, ya tura ki wani shiri na shekara guda. Kina tambaya ko ɓata lokaci ne ga mai neman na cefane.

Don Allah ki je. An gina shirin ne kan wani bincike da aka fitar da sakamakonsa a Amurka a 2002, mai mutum sama da 3,000, kusan rabinsu baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka da sauran tsiraru. Waɗanda suka rage ƙiba kuma suna tafiya da sauri minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Masu shan metformin, wani maganin rage suga, kuwa, kashi 31.

Na san inda gizo ke saƙar: aikin dare, kuɗin mota, ga tsadar ganye da kifi. Amma ba a ce ki bar tuwo ba. Ki rage malmala, ki ƙara miya da wake, ki yi sallama da lemon kwalba da shayin da ake zuba wa suga cokali uku. Mai nauyin kilo 90, kilo 6 kacal ake nema ta sauke.

Batun kuɗi, Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, na biya a jiharku. Ki tambayi asibitin unguwa ko YMCA, ƙungiyar da ke da cibiyoyin motsa jiki a unguwanni, akwai ma masu yin darasin ta waya.