Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan Wasa, Burinsa da Aljihunsa

Wani matashi ɗan shekara 17 daga Ƙofar Ƙaura ya rubuto: "Malam, burina in buga wa Katsina United. Na tara 'yan kuɗi, in sayi agogon da ke ƙirga bugun zuciya ne ko takalmi mai tsada?"

Ɗana, riƙe kuɗinka tukuna. Buga wa Katsina United fata ne mai kyau, Allah ya cika maka, sai dai ba a hannunka yake ba, koci ne zai zaɓa. Abin da ke hannunka shi ne wanda za ka iya aunawa, don haka fara da littafin rubutu da biro. Zagaye ɗaya na layin gudu a babban filin wasa mita 400 ne. In babu, ari tef ɗin magina ka auna filin unguwarku. Yi gudu na minti 12 iya ƙarfinka, ka rubuta nisan da ka ci. Wannan awo wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da shi a 1968, kuma har yau kociyoyi suna amfani da shi. In ka ci mita 2,200, sa wa kanka mita 2,500 nan da mako takwas. Kada ka ce 3,000, za ka karaya tun a mako na uku.

Daga nan sai ka sassara burin ya koma aikin yini: gudu sau uku a mako, da buga ƙwallo a jikin bango sau ɗari da ƙafar da ba ka iya ba. Ka sake awo duk bayan mako huɗu, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya, domin gudun bayan Asuba da na la'asar ba ɗaya ba ne. Agogon wayarka ya isa riƙe lokaci. Bugun zuciya kuwa, ɗora yatsa biyu a gefen wuya, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu.

Wani kuma yana tambayar ko gaskiya ne takalmi irin na fitattun 'yan wasan Turai yana ƙara gudu.

Ba ya ƙarawa. Filayenmu na unguwa ƙasa ce mai tauri da tsakuwa, takalmi mai dogayen tsini na ciyawa ne, a nan sai ya jawo maka targaɗe da ciwon gwiwa. Nemi mai gajerun tsini na roba masu yawa. In na gwanjo ne, lanƙwasa shi ka duba ko tafin ya fara ɓallewa, kuma ka gwada da yamma da safar wasa a ƙafarka.

Wani ɗan dambe daga Daura ya ce yana son ya ƙara ƙarfi kafin wasannin bayan kaka, an tallata masa garin gina jiki da wasu ƙwayoyi a Facebook, wanne zai saya?

Ƙanena, kada ka sayi ko ɗaya. Wannan tambaya tana yawan zuwa, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai. "Ƙara ƙarfi" ba buri ba ne, tunda ba ka da hanyar sanin ranar da ka kai. Wanda bai san abin da yake nema ba shi ne kasuwar 'yan damfara. Za su nuna maka hoton ƙato mai ƙirji kamar faifai, su ce mako biyu ya isa. Tsoka ba ta ginuwa a mako biyu, sai an yi watanni ana aiki, ana ci, ana barci. Gwangwanin da ba shi da lambar NAFDAC, ko aka kankare ranar lalacewarsa, ko aka juye maka a leda ana cewa awo-awo ya fi sauƙi, wa ya san abin da ke ciki? Ko lambar ma ana bugawa ta jabu. Garin da aka cika da sitaci da sukari asarar kuɗi ce kawai, amma wanda aka cakuɗa da sinadarin kumbura tsoka hanta yake ci, ya hau da jini, ya kuma taɓa haihuwa.

Tramadol kuwa ya fi muni. Yana ɓoye zafi, sai ka ci gaba da naushi da karyayyen yatsa ba ka sani ba, kafin ka farga jiki ya saba da shi. Tun daga 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta shi a lokacin gasa, don haka duk mai fatan wakiltar jiha ko ƙasa ya sani. Kuɗin gwangwani ɗaya zai saya maka ƙwai da wake da awara da nono na kwanaki masu yawa. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6 na sinadarin gina jiki, ɗan wasa kuma yana buƙatar giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Buri kuwa, ƙirga sau nawa kake iya danna ƙasa da hannu, wato fires-of (press-up), a minti ɗaya, da turmi nawa kake jurewa kafin hannu ya sauka, ka rubuta, ka ƙara kaɗan-kaɗan.

Wata uwa daga Sabuwar Unguwa ta ce ɗanta ya sa wa kansa gudu kullum ba hutu, yana ramewa, ba ya cin abinci sosai, hankalinta ya tashi.

Hajiya, kin yi daidai da kika lura, kuma abin yana da gyara. Kada ki hana shi, ki dai zauna da shi ku sa ranar hutu ɗaya ko biyu a mako cikin tsarinsa, domin a lokacin hutu jiki yake ginuwa. Ƙarin nisa kada ya wuce kusan kashi goma cikin ɗari a mako. A zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, ya tsaya ga bayan Asuba ko dab da Magariba. Ya hau ma'auni kafin fita da bayan dawowa: duk kilo ɗaya da ya ragu ruwa ne, ya mayar da lita ɗaya da rabi, wato ledar fiya wata uku, a hankali. In ramar ta ci gaba bayan mako biyu, ko yana jiri, ko ƙirji na yi masa ciwo, a dakatar da gudun a kai shi asibiti a duba jininsa.