Amsa ga Kawu: abin da ke kai mu ƙirgar shirwa a Tarifa

Kawu, barka da war haka, Allah ya ƙara girma. Saƙonka ya iso, har da tambayar da ka ce abokan zamanka na ƙofar gida sun ɗora maka: wai me ya sa mutum da iyalinsa, da aikin yinsa, zai hau tudu ya wuni yana kallon sama? Biya ake yi ko ci ake yi?

Ba a cin tsuntsayen da ake ƙirgawa. Wanda ma aka kama ya harbi ɗaya, tara ce mai nauyi, wani lokaci har kotu. Batun biya kuwa, akwai ma'aikata 'yan ƙalilan masu albashi a wata gidauniya da ake kira Migres, wadda ke riƙe da wannan ƙirga. Tun 1997 ake yin ta kowace shekara. Sauran mutane sa-kai ne, irinmu kuma 'yan kallo ne da ake ara wa madubin hangen nesa.

Bari in fara da wurin, don shi ne tushen maganar. Nan kudancin Sifaniya, tsakanin garinmu Algeciras da Tarifa, nan ne Turai ta fi kusa da Afirka. Ruwan da ya raba su kilomita 14 ne kacal, idan gari ya washe kana hango Dutsen Musa a Maroko. Su kuwa shirwa da mikiya da ungulu, ba su da juriyar doguwar tafiya da kaɗa fiffike. Jira suke rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta taso, su buɗe fiffike su yi ta jewa a cikinta har su yi sama sosai, sannan su sulalo gaba su nemi wata. Teku ba ta ba da irin wannan iska. Shi ya sa yawancin masu barin yammacin Turai kafin sanyi suke taruwa a wannan ƙunci, dubbai a rana guda.

Kowa da lokacinsa. Shirwa ce ke buɗe hanya tun ƙarshen Yuli zuwa Agusta, ita kaɗai takan haura dubu ɗari. Sai wani shaho mai tonon gidan zanzaro da rina a farkon Satumba, bayansa gaggafa mai cin macizai, ungulayen dutse kuma sai ƙarshen Oktoba.

Ƙirgar kanta ba wasa ba ce. A tudun Cazalla da na Algarrobo za ka ga mutum riƙe da ɗan abin dannawa, sak irin carbin dannawa da ake sayarwa a bakin masallaci, wani na kiran irin tsuntsun, wani na rubutawa. Idan garke ya yi yawa sai a riƙa yankarsa goma-goma ko hamsin-hamsin da ido. Abin da ke ba su wahala shi ne iskar gabas, wadda suke kira levante. Idan ta tsananta sai ka ga tsuntsaye sun shiga teku sun ji ba dama, sun juyo. Kwana biyu, kwana uku suna taruwa a kan duwatsu, kuma dole mai ƙirga ya lura da wanda ya haye da wanda ya dawo, kada a rubuta shirwa ɗaya sau uku. Ranar da iskar ta kwanta kuwa, Kawu, sai wuyanka ya ƙage.

To, amfanin me? Ka san ana cewa ungulu ba ta jewar banza, su ma waɗannan mutane ba zaman banza suke ba. Ba haka kakanninsu suke ba fa. Daga 1953 har wajen 1970 gwamnatin ƙasar nan lada take biyan wanda ya kashe mikiya ko shaho, a cewarta maɓarnata ne. Da suka ga abin na neman ƙarewa suka juya. Yanzu da yake akwai lissafin shekara da shekaru, idan wani iri ya fara raguwa ana ganewa tun da sauran gyara. Misalin da nake gani da idona shi ne manyan fankokin samar da lantarki da suka cika tudun Tarifa. Sun kashe ungulaye da dama. Daga 2008 aka sa masu gadi, da sun hango garke ya nufo sai a tsayar da fankar har ya wuce, mace-macen kuma suka ragu ƙwarai.

Mu 'yan gida da ke nan ba mu taka kara mun karya ba, kuma ba duka ke zuwa ba. Wasu dariya suke mana, wai mun zama Turawa. Akwai kuma waɗanda ba sa son ganin wannan ruwa ko daga nesa, saboda ta cikinsa suka shigo a kwale-kwale, sun kuma san waɗanda ba su iso ba. Irin waɗannan ba a matsa musu. Mu da muke zuwa, ranar Lahadi ce, da kular abinci da darduma, yara na gasar wa zai fara gane tsuntsu. Turawan kan yi mamaki idan na ce musu wajen su o'o tsuntsayen za su. Yawancin na wannan hanya Senegal da Mali da Muritaniya suke sauka, amma akwai wani siririn shaho mai cin fara da aka bi sawunsa da na'ura daga Holan har Nijar. Akwai ma wata babbar ungulu ta Sahel da ta fara biyo ayari zuwa Sifaniya tun shekarun 1990, ranar da aka hango ɗaya sai ka ga dattijo yana tsalle.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu. Muna yara, wace kwata ce babu ungulu? A 2015 an sa ungulun da muka sani a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu sayen kanta da ƙwanta don tsibbu. Ban taɓa jin wanda ya ƙirga su a garinmu lokacin da suke da yawa ba, don haka yau ba mai iya cewa nawa aka rasa, ko a wace shekara abin ya fara.

Don Allah ka tambayar mini Sarkin Fawa yaushe rabonsa da ganin ungulu a kwata, ka aiko mini da amsarsa ko da saƙon murya ne, akwai wata mai ƙirga a Cazalla da ta daɗe tana tambayata. A gaida Inna da sauran mutanen gida.